Littafin Jagora ga Mai Hawan Dutse: Darasi daga Khartum da Omdurman

Khartum gari ne shimfiɗaɗɗe, amma wanda ya fita ta arewacin Omdurman ba zai yi nisa ba sai ya hangi tsaunukan Karari, inda dakarun Halifa Abdullahi suka gwabza da rundunar Kitchener ranar 2 ga Satumba, 1898. In ya ƙara gaba, kimanin kilomita 80 daga babban birnin, sai Sabaloka, inda Kogin Nilu ya kutsa ta tsakanin duwatsu, wurin da aka keɓe a matsayin gandun daji tun 1946. Lokacin da ake zaune lafiya, mutanen birni kan je can ranar Juma'a su hau dutse, su shiga kwalekwale, su sha shayi a bakin ruwa.

Ɗan gari ba ya buƙatar takarda kafin ya kai Sabaloka. Baƙo kuwa da littafin jagora yake dogara. A farkon ƙarni na 20 Turawa kan riƙe littafin Baedeker na Masar da Sudan. A 2005 kamfanin Bradt na Ingila ya buga nasa a kan Sudan, wanda Paul Clammer ya rubuta. Wannan kamfani ya faro ne a 1974 da ɗan littafi don masu ratsa tsaunukan Peru da Boliviya a ƙafa, jaka a baya.

Littafi nagari yakan amsa tambayoyin da rai ya rataya a kansu. Awa nawa hawan zai ci? Ina ake samun ruwan sha? Wane wata ya dace? A yankin Khartum, daga Nuwamba zuwa Fabrairu ake sha'awar fita, domin a Mayu da Yuni zafi kan haura digiri 40, ga guguwar habub mai rufe ido. Da damina kuma busasshen rafi kan cika nan take, don haka ba a kwana a cikinsa. Littafin kan kuma nuna wa mai himma wurare masu nisa: duwatsun Taka na Kassala da rijiyar Totil a gindinsu, da Jabal Marra na Darfur mai tsayin mita 3,042, da tafkuna biyu a cikin ramin Deriba.

Sai dai bayanan littafin kashi biyu ne. Akwai waɗanda ba sa tsufa, kamar tsayin dutse, da tarihin wuri, da lokutan shekara. Akwai kuma masu saurin lalacewa: kuɗin mota, takardar izinin tafiya da ta ɗaukar hoto, rijiyar da wataƙila ta ƙafe, uwa uba tsaro. Yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu, 2023 tsakanin sojojin Sudan da dakarun RSF ya mayar da Khartum da Omdurman fagen daga, ya bar harsasai da bama-baman da ba su fashe ba. Littafin da aka buga kafin wannan rana bai san da haka ba. Zai ce hanya lafiya lau, kuma bai yi ƙarya ba, zamaninsa ne ya wuce.

Saboda haka, kafin ka duba taswira, duba shekarar bugu. Sannan ka nemi ɗan ƙasa, makiyayi ko mai kwalekwale, wanda ya bi hanyar jiya. Fatake ma ba sa tashi sai da jagaba a gaban ayari, kuma matambayi ba ya ɓata. Ka sanar da wani inda ka nufa da lokacin dawowarka, ka ɗauki ruwa fiye da yadda kake zato.

Mu ma muna da dutsen Kufena a Zariya, da na Kwatarkwashi a Zamfara, da tsaunukan Shere kusa da Jos. Ya dace marubutanmu su rubuta musu littattafan jagora da Hausa, su sa kwanan wata a kan kowane bayani, su riƙa sabunta shi.