Shin Ko Kun San? Rawar Bale da Kiɗan Ibada

Shin ko kun san an taɓa hana wani gwanin tsara rawa a Landan ɗora rawa a kan kiɗan addu'ar mamaci? Kenneth MacMillan ke nan. Amininsa John Cranko ya rasu a 1973 cikin jirgin sama, yana dawowa daga Amurka. MacMillan ya so ya yi masa makoki da sana'arsa, wato bale, rawar Turai da ake shekaru ana koyonta, ya zaɓi Requiem na Gabriel Fauré. Shugabannin gidan wasan da yake aiki a Landan suka ƙi, don gudun ɓata wa masu addini rai. Sai ya kai aikin birnin Stuttgart na Jamus, inda Cranko ya jagoranci ƙungiyar rawa, aka nuna shi a 1976. Masu rawar sukan shigo a cunkushe, suna jan ƙafa, suna ɗaga dunƙulen hannu sama kamar waɗanda kuka ya ƙwace wa murya. A ganina wannan ta'aziyya ce tsantsa. Sai a 1983 Landan ta karɓe shi.

Ko kun san akwai bale mai kusan awa 4? John Neumeier ya tsara ta a Hamburg a 1981, a kan kiɗan da Bach ya rubuta bisa labarin wahalar Almasihu a Linjilar Matta. Masu rawa 41 ne, sanye da fararen kaya. Wanda ba ya rawa yakan zauna a benci yana kallo, tamkar mai shaida. Tun kafin a gama aikin, an fara nuna sassansa a cikin cocin Michaelis.

Ta uku ba bale ce zalla ba, amma dole a ambace ta. Alvin Ailey, baƙar fata ɗan Texas, yana da shekara 29 ya fito da Revelations a New York a 1960, da waƙoƙin ibadar da jikokin bayi suka gada. Cocin yarintarsa ya tuna: mata da mafitai a hannu saboda zafi, farar laima a ranar baftisma, da dogayen ƙyallaye masu launin shuɗi da fari da ake kaɗawa su zama kogi. Har yau ƙungiyarsa kan rufe yawancin wasanninta da ita.