Neman izinin mai ziyara kafin ƙidayar shiga shafin intanet

1. Gabatarwa

A cikin wannan ɗan rubutu za mu dubi ƴar tagar nan da ke fitowa a kan shafukan intanet tana neman izinin ajiye kuki. Manufarmu ita ce mu nuna cewa ba fitowar tagar ce ke tabbatar da izini ba, sai abin da shafin ke aikatawa kafin mutum ya amsa.

2. Mene ne kuki?

Kuki wani ɗan guntun rubutu ne da shafi ke ajiyewa a cikin kwamfuta ko salular mai ziyara, domin ya gane shi in ya dawo. Lou Montulli ne ya ƙirƙiro shi a kamfanin Netscape a 1994. Muna iya raba shi gida biyu. Akwai wanda aikin shafi ba ya yiwuwa sai da shi, misali mai tuna cewa mutum ya riga ya shiga da kalmar sirrinsa. Akwai kuma na ƙidaya, irin na Google Analytics, mai bai wa kowane baƙo lamba don a san sau nawa ya zo da abin da ya karanta. Na biyun ne ake neman izini a kansa.

3. Asalin ƙa'idar

Ƙa'idar ta samo asali ne daga Tarayyar Turai: umurnin 2002, wanda aka gyara a 2009, sannan dokar kare bayanai ta RGPD da ta fara aiki ranar 25 ga Mayu 2018. A 2019 Kotun Tarayyar, cikin shari'ar Planet49, ta yanke cewa akwatin da aka riga aka sa wa alamar yarda ba izini ba ne. A watan Janairu na 2022 kuma hukumar CNIL ta Faransa ta sanar da tarar Yuro miliyon 150 a kan Google da miliyon 60 a kan Facebook, saboda ƙin yarda ya fi yarda wuya a shafukansu.

4. Yadda ake kafa tagar

Na farko, a hana manhajar ƙidaya tashi har sai an danna yarda. Idan ta tashi tun buɗe shafi, tagar ado ce kawai. Na biyu, maɓallin ƙi ya zo kusa da na yarda, kuma dannawa ɗaya ta isa. Na uku, a faɗi a sarari abin da ake tarawa da wanda zai karɓa. Na huɗu, a ajiye shaidar amsar, a kuma bar hanyar janye ta.

CNIL ta yi sassauci ga ƙidayar da ba ta wuce shafi guda ba, ba a kuma miƙa ta ga wani, muddin kukin bai wuce wata 13 ba. Ana iya saita Matomo a kan haka.

5. Kammalawa

Daga abin da ya gabata, wani darasi ya shafi masu bincike. Wanda ya ƙi yarda ba ya shiga lissafi, ke nan alƙaluman da ake samu na waɗanda suka yarda ne kaɗai. Duk ɗalibin da zai kafa hujja da su a kundinsa ya kamata ya bayyana wannan iyaka tun a babin hanyoyin bincike.