Yaƙin Yukiren da Tsadar Lodin Mai Zuwa Arewa

A ranar 24 ga Fabrairu, 2022 Rasha ta afka wa Yukiren. Kafin a cika mako biyu, farashin gangar ɗanyen mai ya haura dala 130 a kasuwar duniya. Rasha na cikin manyan ƙasashe uku masu haƙo mai, kuma ita ke sayar wa Turai kaso mai yawa na dizal. Da Turawa suka fara juya mata baya, sai suka bazama neman dizal a ko'ina, farashinsa ya yi tashin gwauron zabo.

Kamata ya yi wannan ya zame wa Najeriya kaka, amma ba a ga haka ba. Satar mai da fasa bututu a yankin Neja Delta sun sa abin da ake haƙowa ya faɗo ƙasa da ganga miliyan ɗaya a rana a watan Agustan 2022, alhali ƙungiyar OPEC ta yarje mana kusan miliyan 1.8. Haƙar sabuwar rijiya kuwa aiki ne na shekaru da jari mai nauyi. Ko aikin Kolmani da Shugaba Buhari ya ƙaddamar a tsakanin Bauchi da Gombe a Nuwamban wannan shekarar bai ƙara ko ganga ɗaya a kasuwar lokacin ba.

A lokacin kuma matatun Kaduna da Warri da Fatakwal suna kwance, tataccen mai sai an shigo da shi da dala. Gwamnati ta kashe sama da naira tiriliyan 4 a tallafin fetur a 2022. Dizal ba shi da tallafi, shi ya sa lita ta tashi daga wajen naira 300 zuwa sama da 700 cikin watanni kaɗan.

A nan Arewa ta ɗanɗana kuɗarta. Tankar da ta yi lodi a Legas sai ta ci kusan kilomita 1,000 kafin ta isa Kano, ta koma wayam, kuma duk tafiyar dizal take sha. Ƙungiyar masu tankoki, NARTO, ta koka cewa kuɗin dakon da ake biyansu ba ya mayar da uwar kuɗi. Wasu suka ajiye motocinsu, layi ya dawo gidajen mai, kasuwar 'yan bumburutu ta buɗe. Tirelar shanu da ta hatsi suka ƙara kuɗin mota, mai injin niƙa da mai gidan burodi suka bi sahu.

An cire tallafin fetur a Mayun 2023, kuma yanzu duk girgizar da ta taso a kasuwar duniya kai tsaye take isowa gidan mai. Matatar Dangote ta rage dogaro da waje, sai dai farashinta na bin na duniya, kuma daga Lekki tanka ce dai za ta kwaso man. Hana yaƙi a wata nahiya ya fi ƙarfinmu, amma gyara bututun da ke kai mai defo-defon Kano da Gusau da Jos da Maiduguri, da ɗora dakon mai a jirgin ƙasa, da tsare rijiyoyinmu daga ɓarayi, duk a hannunmu suke. Muddin ba a yi su ba, talakan Arewa ne zai ci gaba da biyan kuɗin nisa a kan kuɗin yaƙi.