Dangin Tumatir na Daji da Neman Iri Mai Jure Cuta

Tumatirin da ake nomawa a duniya ya samo asali ne daga yammacin Kudancin Amurka, inda har yau danginsa na daji suke fitowa da kansu a ƙasashen Peru, Ekwado da Chile da tsibiran Galapagos. Mafi kusa da shi a cikinsu shi ne Solanum pimpinellifolium, wanda 'ya'yansa ba su wuce girman gujiya ba. Da manoman farko suka yi ta zaɓen mai manyan 'ya'ya, sannan Sifaniyawa suka ɗauki 'yan iri kaɗan daga Meziko zuwa Turai a ƙarni na 16, sai tumatirin gida ya yi asarar mafi yawan bambancin ƙwayoyin gado, wato sinadaran da ke ɗauke da siffofin da tsiro ke gada daga iyayensa. Abin da aka samu shi ne amfanin gona mai kyan gani amma mai rauni a gaban cuta.

Wannan rauni ne ya mayar da masana ga dangin daji. Charles Rick na Jami'ar Kalifoniya da ke Davis, wanda ya rasu a 2002, ya shafe shekaru yana tattara irinsu a tsaunukan Andes, kuma rumbun irin da ke ɗauke da sunansa yana raba wa masu bincike a faɗin duniya. Daga Solanum peruvianum aka samo, a shekarun 1940, ƙwayar gadon da ake kira Mi, wadda ke kare saiwa daga tsutsar ƙasa mai sa ta kumbura. Daga Solanum chilense kuma aka samo Ty-1, mai rage ɓarnar cutar nannaɗewar ganye da farin ƙuda ke yaɗawa.

Wahalar aikin ita ce, idan aka haɗa furen daji da na gida, siffar da ake so ba ta zuwa ita kaɗai, domin takan jawo ƙanƙantar 'ya'ya da rashin daɗi da ƙarancin yabanya, har sai an yi ta maimaita haɗin da irin gida shekara da shekaru kafin a tace ta. Taswirar ƙwayoyin gadon tumatir da aka wallafa a 2012, wadda ta nuna kimanin ƙwayoyin gado 35,000 a kan kuromosom 12, wato zarurrukan da ke ɗauke da su, ta rage wannan jira, tunda yanzu ana iya gwada ganyen tsiro tun yana ƙarami a gane ko ya gaji abin da ake nema.

Inda lamarin ya fi shafar manomin rani na Kadawa da Kura a arewacin Najeriya shi ne tsutsar Tuta absoluta, wadda manoma ke kira sharon. Ita ma daga Kudancin Amurka ta fito, ta shiga Sifaniya a 2006, kuma a 2016 ta yi ɓarnar da ta sa Jihar Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan tumatir. Wasu dangin daji, irin su Solanum habrochaites da Solanum pennellii, suna da gashi a ganye wanda ke fitar da sinadaran da ke hana ƙwarin saka ƙwai, sai dai siffar tana rataye ne a kan ƙwayoyin gado da dama, shi ya sa shigar da ita cikin irin kasuwa ke tafiyar hawainiya. Tunda tsutsar tana saurin sabawa da maganin feshi, ya kamata cibiyoyin binciken noma na Najeriya da Nijar su nemo waɗannan iri su gwada su a gonakin rani na yankin.