Murjanin da ke gudu ya bar ƙashinsa

Yau za mu shiga ruwan gishiri.

Idan aka ce murjani, yawancinmu tsakiyar da iyayenmu mata ke ratayawa a wuya muke tunawa. To, wannan ƙashi ne kawai. Mai ƙashin dabba ce 'yar mitsitsiya da ake kira polip, dangin jelifish, mai baki ɗaya da 'yan hannuwa kewaye da shi. Ita ke gina wa kanta mazauni da sinadarin alli, ta zauna a kai, ta haɗa tsoka da maƙwabtanta. A Amurka da Turai mutane da yawa na kiwon murjani a gida, cikin akwatin gilashi mai ruwan teku, kuma kuɗi suke kashewa ba na wasa ba.

Wani abu da ke tayar musu da hankali shi ne: mutum ya tashi da safe ya tarar da polip ya saɓule daga ƙashinsa, yana yawo a ruwa ko yana kwance kan yashi, ga farin ƙashi an bar shi tsirara. Wai ya mutu kenan? A'a, guduwa ya yi.

Wani masani, Paul Sammarco, ya bayyana wannan a 1982, a jikin murjanin Seriatopora hystrix na babban tudun murjanin Ostireliya. Idan wuri ya yi wa dabbar zafi, tsokar da ta haɗa ta da maƙwabta sai ta narke, kowane polip ya ware, ya saki ƙashi, ruwa ya tafi da shi. Kuma yana tafiya ne da guzurinsa, wato 'yan ƙwayoyin gansakuka da ke cikin jikinsa suna dafa masa abinci da haske. Nan ya bambanta da farin da murjani ke yi saboda zafi, inda gansakukar ce ke fita, dabbar ta zauna. A teku wanda ya gudu yana iya dacewa da wuri mai kyau ya sake gina ƙashi, kodayake kaɗan ne ke kai labari. A akwati fa? Gudun ba shi da nisa. Ruwan da ya kore shi, shi zai tarar ko'ina, ga famfo na jiran ya zuƙe shi.

Me ke kore shi? Yawanci sauyi ne na farat ɗaya. Ruwan teku yana da gishiri kusan giram 35 a kowace lita. Ruwa na ƙafewa amma gishiri ba ya bin sa, don haka wanda ya ciko akwatinsa da ruwan gishiri maimakon tataccen ruwan daɗi, ƙara wa dabbar azaba yake yi. Ana son zafi ya tsaya wajen digiri 25 zuwa 26, kalsiyam 400 zuwa 450, alkaliniti wajen 8 zuwa 9. Sai kuma iskar shaƙa: famfo ya tsaya na sa'o'i, iskar cikin ruwa ta ragu. Mu da wuta ke zuwa ta ɗauke, duk mai sha'awar wannan kiwo ya fara tanadin batir tukuna.

A ganina, babban haɗarin ba polip ɗin da ya fita ba ne, gaggawar mai akwatin ce. Ya ruɗe, ya canza rabin ruwa, ya zuba magunguna uku a yini ɗaya, sai ya haifar da sabon sauyi, sauran ma su bi sahu. A fara aunawa tukuna. In gishiri ne ya hau, a sauke shi sannu a hankali cikin kwanaki. Wanda ya fita, in tsokarsa lafiya take, a sa shi cikin ɗan kofi mai ɓaraguzan dutse, a rufe da raga, a ajiye inda ruwa ke tafiya a hankali. In kuwa aka ga wata majina ruwan kasa ta lulluɓe shi, wannan cuta ce mai yaɗuwa, a cire shi daga akwatin nan take.