Kilomita 109 a Cape Town: yadda masu sha'awar keke ke shirya wa tseren shekara

A wajenmu keke abin hawan ɗan makaranta ne da mai tallan burodi da manomi mai zuwa gona, shi ya sa mukan yi mamaki idan muka ji an ce likita ko malamin makaranta ya tashi da duhun asuba don ya tuƙa keke na tsawon sa'o'i huɗu, ba don zai je ko'ina ba. A birnin Cape Town na Afirka ta Kudu kuwa, wannan al'ada ce ta dubban mutane, cikinsu har da Musulmin birnin, waɗanda masallacinsu na farko, Masallacin Auwal da ke unguwar Bo-Kaap, ya samo asali tun 1794.

Abin da suke yi wa shiri shi ne tseren Cape Town Cycle Tour, wanda ake yi ranar Lahadi a cikin watan Maris. An soma shi a 1978 da mahaya 525, da nufin jawo hankalin hukuma ta samar wa masu keke hanya. Yanzu yakan tara wajen mutum 30,000, kuma mafi yawansu ba sana'arsu ba ce. Tsawon hanyar kilomita 109 ne: a fita daga tsakiyar birni, a bi gaɓar teku ta Muizenberg da Simon's Town, a zagayo ta Chapman's Peak da Hout Bay, a ƙare a Green Point. An ba kowa sa'o'i bakwai ya kammala. Wanda ya gama a ƙasa da sa'o'i uku, abokansa za su daɗe suna ba da labari.

Mai son fahimtar wannan wasa sai ya fara da iska, domin ita ce babbar abokiyar gabar mahayi a shimfiɗaɗɗen titi. Wanda ya laɓe a bayan wani yakan rage kusan kashi ɗaya cikin uku na ƙarfin da zai kashe in da shi kaɗai ne. Dalilin tafiya a ayari ke nan. Na gaba ya tari iska na 'yan mintoci, ya kauce ya koma ƙarshen layi, na bayansa ya karɓa. A haka mutum goma masu matsakaicin ƙarfi za su bar gwani guda a baya.

Amma wannan sauƙi yana da farashi, kuma a nan ne muka ga abin ya fi ban sha'awa. Tazarar da ke tsakanin tayar gabanka da tayar bayan ɗan'uwanka sau da yawa ba ta kai kamu ɗaya ba, ga gudu na kilomita 30 ko fiye a sa'a. Ba ka ganin titi, bayansa kawai kake gani. Idan akwai rami, shi zai nuna maka da yatsa, kai ma ka nuna wa na bayanka. Idan zai rage gudu, sai ya ɗaga hannu ko ya yi magana. Ya danne birki ba zato, to ba shi zai fara faɗuwa ba: wanda tayarsa ta gaba ta goge ta wani shi ke zuwa ƙasa, ya kuma ja mutum biyar ko shida tare da shi. Saboda haka tsofaffin hannu ba su cika damuwa da ƙarfin sabon shiga ba. Abin da suke dubawa shi ne ko yana riƙe layinsa, ko yana karɓar rabonsa na iska. Mai laɓewa tun safe sannan ya fizge ya tsere a kilomitar ƙarshe, an san shi, kuma ba a manta masa.

Shi kuwa shirin tseren ba aikin mako biyu ba ne. Mai hankali yakan ɗauki wata uku ko huɗu: gajerun fita biyu ko uku a tsakiyar mako, doguwa ɗaya a ƙarshensa, ana ƙara nisa kaɗan-kaɗan har ya kai kilomita 80 ko 90, sannan a sassauta a makon ƙarshe don jiki ya huta. Dole kuma a saba da hawa, domin hanyar tana da tuddan da jimillarsu ta haura mita 1,000. Wanda aka fi tsoro shi ne Suikerbossie. Tsawonsa kimanin kilomita 2 ne kacal, sai dai yana zuwa ne bayan mutum ya ci kusan kilomita 90, ƙafa ta yi sanyi, rana ta take. Nan ake ganin masu turin keke da hannu.

Duk da haka ana iya yin shirin a tashi a tutar babu. A 2015 gobarar daji ta sa aka rage hanyar zuwa kilomita 47. A 2017 iska mai ƙarfi ta riƙa kayar da mahaya a wurin tashi, aka soke tseren baki ɗaya da safiyar ranar. Da lambar yabo kaɗai ke fitar da mutane, da irin wannan ya kashe musu gwiwa. Abin da muka lura shi ne, alƙawarin da aka yi da abokai cewa za a haɗu a mahaɗa kaza da ƙarfe shida ya fi kowace lamba tayar da mutum daga shimfiɗa, don ya san za a tsaya jiransa, za a kuma kira shi a waya.

Ga mahayi Musulmi akwai ƙarin lissafi. Tseren 2025 ya faɗo ranar 9 ga Maris, cikin goman farko na Ramadan, a ƙarshen lokacin zafin ƙasar, inda azumi ke kai wajen sa'o'i 14. Makamashin da jiki ke tanadarwa a tsoka bai cika wuce minti 90 zuwa sa'o'i biyu na aiki tuƙuru ba, shi ya sa masu horarwa ke cewa a ci wani abu, a kuma sha kamar gora guda ta ruwa a kowace sa'a. Mai azumi ba shi da ko ɗaya. Uzurin da Suratul Baƙara ta ambata na ajiye azumi shi ne ciwo da tafiya, gasar nishaɗi ba ta ciki, kuma mazaunin birnin da zai zagaya ya dawo gida kafin azahar bai kamata ya yanke wa kansa hukuncin matafiyi ba tare da ya tambayi malami ba. Jefa kai cikin ƙishirwar da za ta kai ga suma a tsakiyar ayari ma ba jarumta ba ce, tun da na bayanka zai faɗi tare da kai. A ganinmu, barin tseren na shekara ɗaya ko biyu ya fi, domin Ramadan yana matsowa da kwana 10 ko 11 kowace shekara, zai kuma bar watan Maris da kansa.

Atisaye dai ba ya tsayawa. Mai azumi zai iya fita a hankali na sa'a guda gab da faɗuwar rana, ya iso gida daidai kiran magariba, dabino da ruwa suna jiransa. Aiki mai nauyi kuma sai bayan tarawihi, a kan keken da aka kafe a cikin ɗaki, ko a titi mai haske, da fitila gaba da baya da hular kwano a ka.