Tarihin ƙasar Sin a jami'a: darasin da ya fara daga kasuwa

Ƴan kasuwa da dama kan tambaya: ina amfanin yaro ya zauna a jami'a yana karatun tarihin juyin juya halin ƙasar Sin, ga shago na jiran mai tsaro? Amsarmu ita ce, shi wannan tarihi a kasuwa ya fara.

A birnin Guangzhou, inda fatakenmu ke sarin kaya yau, aka soma rikicin. Turawan Ingila na biyan azurfa su sayi ganyen shayi. Da suka ga azurfarsu na ƙarewa, sai suka shiga sayar wa Sinawa kayan maye, wato ofiyom, daga Indiya. A 1839 wakilin sarkin Sin, Lin Zexu, ya ƙwace akwati kusan 20,000 ya lalata. Ingila ta turo jiragen yaƙi. A yarjejeniyar Nanjing ta 1842, Sin ta ba da tsibirin Hong Kong, ta buɗe tashoshin jiragen ruwa biyar, ta biya sulallan azurfa miliyan 21.

Abin da ya fi ciwo shi ne duwan. An ɗaure kuɗin shigo da kaya a wajen kashi 5 cikin 100, kuma daga 1863 wani Bature, Robert Hart, ya riƙe duwan ɗin ƙasar sama da shekara 40. Sarauta ta faɗi a 1912, amma hannun baƙi bai janye ba.

Ran 4 ga Mayu 1919, ɗalibai kimanin 3,000 suka yi zanga-zanga a Beijing, don taron sulhu na Faransa ya miƙa wa Japan wuraren da Jamus ke riƙe da su a lardin Shandong. Gwamnati ta kama ɗalibai, ba ta saurara ba sai da ƴan kasuwar Shanghai suka rufe shaguna a watan Yuni, ma'aikata suka shiga yajin aiki. Daga ƙarshe Sin ta ƙi sa hannu. A 1921 aka kafa jam'iyyar kwaminis, wadda ta karɓi mulki a 1949 ƙarƙashin Mao.

Tun 2011 da aka buɗe matatar mai ta SORAZ kusa da Damagaram, cinikinmu da Sinawa ya wuce na atamfa da babura. Su ba su manta da abin da takarda ɗaya ta jawo musu a 1842 ba. Mu ma muna bukatar ƴaƴan da suka san tarihin abokin cinikinmu, su karanta yarjejeniya layi-layi kafin a sa hannu.